Masu Saurare da Ido

Wanda ya saba shiga motar haya daga Sakkwato zuwa Boɗinga, ko ya zarce Shagari a kan hanyar Tambuwal da Jega, ya san 'yar takardar nan baƙa mai santsi da mata masu juna biyu ke dawowa da ita daga asibiti, a maƙale da katin awo. Idan ta isa gida, maigida ya karɓa ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, bai ga komai ba sai wani abu mai kama da hadarin da bai gama haɗuwa ba. Uwar miji ta sa hannu ita ma ta duba, ta ce ita dai ga kai nan ta gani, alhali ƙila mafitsara take nunawa. A ƙarshe a linke takardar a sa cikin kwalla, a ce an yi sikanin, lafiya lau.

Mu sikanin muke cewa, ko hoton ciki. Amma a saman takardar, ko a ƙofar ɗakin da aka yi aikin, kalmar da aka rubuta da Turanci ita ce ultrasound, kuma babu hoto a cikin ma'anarta ko kaɗan. Gaɓa biyu ce aka haɗa. Ta farko, ultra, daga Latin take, tana nufin abin da ya ƙetare iyaka. Ta biyu, sound, sauti ke nan. Wato sautin da ya wuce inda kunnen ɗan Adam ya tsaya. Mu mun raɗa wa abin suna da abin da ido ya gani, su kuma sun raɗa masa da abin da kunne ya kasa ji, kuma a tsakanin sunayen nan biyu ne sana'ar da nake son yabawa take zaune.

Sauti girgiza ne. Fatar kalangu ta girgiza, iska ta ɗauka, dodon kunne ya amsa. Idan girgizar tana tafiya a hankali sai a ji murya mai kauri irin ta tambari, idan tana sauri a ji siririya irin ta sarewa. Kunnen matashi mai lafiya yana kama abin da ya kama daga girgiza 20 zuwa kusan 20,000 a sakan ɗaya, kuma saman nan yana zaizayewa da shekaru, shi ya sa jika kan ji wata siririyar ƙara a ɗaki kaka ta rantse babu komai. Abin da ya gaza 20 Turawa na kiransa infrasound, giwaye na kiran juna da shi daga nesa. Abin da ya haura 20,000 shi ne ultrasound. Kare yana jin wani sashe nasa, kyanwa ta fi kare. Akwai kuma kalmar inaudible da ɗalibai kan cakuɗa da wannan, alhali ita tana nufin duk abin da bai jiwu ba ne kawai, ko da raɗa ce a bayan ɗaki. Raɗa idan ka matso za ka ji ta. Ultrasound kuwa ko an manna maka shi a kunne, shiru za ka ji.

Kalmar ma ta yi ƙaura kafin ta zauna. A farkon ƙarni na 20 masana kan kira irin wannan sauti supersonic. Da jiragen sama suka fara tsere da sauti, har wani matuƙin Amurka, Chuck Yeager, ya wuce gudunsa a 1947, sai masu jirage suka riƙe waccan kalma ta koma nufin abin da ya fi sauti gudu, aka bar wa likitoci da injiniyoyi ultrasonic da ultrasound. Har yau akwai masu musanya su a jarida.

Malamin farko a wannan fanni jemage ne. Ba manyan nan masu cin 'ya'yan itace ba, waɗannan da ido da hanci suke aiki. Ƙananan nan da ke fitowa daga rufin tsofaffin soraye da magariba suna kaɗa sauro. Wani malamin Italiya, Lazzaro Spallanzani, ya lura a shekarun 1790 cewa jemagen da ba ya gani yana yawo a ɗaki bai yi karo da komai ba, amma idan aka toshe masa kunne sai ya rikice. An yi kusan shekara 150 ba a warware zancen ba, sai da Donald Griffin da Robert Galambos a jami'ar Harvard suka nuna cewa jemage ihu yake yi da muryar da ba ma ji, yana sauraron amsa-kuwwa, daga nan yake sanin ina bango yake ina ƙwaro yake. Yaron da ya taɓa leƙa tsohuwar rijiya a Sifawa ya ƙwala kira don ya ji yaushe muryarsa za ta dawo, ya riga ya san ƙa'idar. Haka matar da ke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa kafin ta biya, tana neman tsagar da ido bai nuna mata ba.

Hanyar da abin ya bi ya iso ɗakin awo ba ta likitoci ba ce tun farko. A 1880 'yan'uwa biyu a Faransa, Pierre da Jacques Curie, suka gano cewa wasu duwatsu masu ƙyalli suna fitar da lantarki idan aka matse su, daga baya aka tabbatar suna girgiza idan aka sa musu lantarki. Jirgin ruwan Titanic ya nutse a 1912, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya biyo baya, sai Paul Langevin ya yi amfani da dutsen nan wajen aika sauti cikin teku don farautar jiragen da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa. Maƙeran jiragen ruwa suka karɓa suna neman tsaga a cikin ƙarfe. A birnin Glasgow ne wani likitan mata, Ian Donald, ya kwashi ƙarin da aka ciro daga cikin marasa lafiya a 1955 ya kai wata masana'antar tukwanen tururi, ya gwada su da na'urar duba ƙarfe, ya ga ƙari mai ruwa da ƙari mai tauri amsarsu ta bambanta. Shi da injiniya Tom Brown da likita John MacVicar suka buga sakamakonsu a mujallar The Lancet a 1958. Daga kayan yaƙi da na maƙera aka samo abin da yau ake ɗorawa a kan cikin 'yar Kajiji.

To, ga yadda na'urar take aiki. Abin nan da mai sikanin ke riƙewa a hannu, mai kama da kan tocila, baki ne kuma kunne ne. Yana fitar da ɗan gajeren sauti mai girgiza wajen miliyan 3 zuwa miliyan 5 a sakan idan ciki ake dubawa, sai ya yi shiru yana jiran amsa. A cikin tsokar mutum sauti na gudun kusan mita 1,540 a sakan, ninki huɗu da wani abu na gudunsa a iska. Na'urar ta san wannan, don haka daga lokacin da amsa ta ɗauka kafin ta dawo take lissafa zurfin abin da ya maido ta. Tana yin haka sau dubbai a sakan ɗaya, ta jera amsoshin a allo, mai ƙarfi fari, mai rauni toka-toka, inda babu amsa baƙi. Ruwa ba ya maido da komai, shi ya sa fitsari da ruwan faya suke fitowa baƙi ƙirin. Ƙashi da tsakuwa suna maido da amsa mai ƙarfi, sai su fito fari tas, bayansu kuma inuwa. Iska ce babbar abokiyar gaba, ko siririyar da ke tsakanin fata da kan na'ura ta isa ta kore sautin baya gaba ɗaya. Wannan ne dalilin man nan mai sanyi da ake shafawa, wanda wasu ke ɗauka magani ne har su ƙi gogewa. Kuma shi ne dalilin da ake ce wa mai ƙaramin ciki ta sha ruwa ta riƙe fitsari: cikakkiyar mafitsara tana ture hanji mai iska gefe, ta zama taga da ake leƙen mahaifa ta cikinta.

Duk wannan aikin inji ne, kuma inji ana sayensa da kuɗi. Abin da ba a saye shi ne hannu.

Mutane da yawa suna zaton ɗora na'urar ake yi hoto ya fito kamar na waya. Ba haka ba ne. Abin da allo ke nunawa yanki ɗaya ne siriri, kamar ka sa wuƙa ka yanka kankana ka dubi fuskar yankan. Ka yanka ta tsaye ka ga wani abu, ka yanka ta kwance ka ga wani. Mai sikanin yana yanka ciki da sauti sau ɗaruruwa, yana karkata hannu kaɗan, yana murzawa, yana dannawa, yana zamewa, a cikin kansa kuma yana harhaɗa yankunan nan su zama jariri guda mai kai da baya da ƙafafu, kwance ta wani gefe. Idonsa na kan allo, hannunsa na tafiya shi kaɗai kamar na masaƙi. Jaririn kuwa ba ya tsayawa a ɗauke shi, yana juyi, yana shura ƙafa, yana ba da baya daidai lokacin da ake son ganin zuciyarsa. Na ga ma'aikaciyar da ta ce wa wata, “Yaya, tashi ki ɗan zaga ki dawo, ɗan naki ya yi mana rowar fuska.” Ta zaga ta dawo, ya juyo.

Sai awo. Don a san watannin ciki, ana auna tsawon ɗan tayi daga ƙoƙon kai zuwa mazaunai a watanni ukun farko, kuma a lokacin kuskuren lissafi bai cika wuce mako guda ba. Idan ciki ya girma sai a koma faɗin kai da kewayensa, da kewayen tumbi, da tsawon ƙashin cinya. Kowanne yana da yankan da dole a samu daidai kafin a sa alama. A karkace hannu kaɗan, kai ya fito ya fi girmansa, a ba mace ranar haihuwar da ba tata ba. A watannin ƙarshe kuwa, ko gwani ne, lissafin na iya kaucewa da mako uku, domin 'ya'ya ba girma ɗaya suke yi ba. Nan ne matsalarmu take. A ƙauyukanmu ciki abin ɓoyewa ne, balle na fari, sai ya fito ya tona kansa ake zancen asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar kowace mai ciki ta samu sikanin sau ɗaya kafin mako 24. Wadda ta zo a wata na takwas ta ce a faɗa mata ranar haihuwa, ta zo ne bayan kasuwa ta fara watsewa, kuma ma'aikacin kirki zai gaya mata kintace yake yi.

Sannan allon yana ƙarya, kuma sanin ƙaryarsa rabin sana'ar ne. Sauti kan yi ta kai da komo tsakanin fuska biyu, sai abu ɗaya ya fito biyu ko uku a jere. Wani lokaci ya nuna abu a inda babu shi, kamar madubi. Mahaifa kan ɗan murɗa na ɗan lokaci ta yi kama da ƙari, wanda ya yi haƙurin minti kaɗan sai ya ga ta saki. Sabon hannu yana ganin farin ɗigo a matsarmama ya ce tsakuwa ce. Tsohon hannu sai ya nemi inuwar da ke bayanta, ya ce wa mara lafiya ya juya ta gefen hagu, ya ga ko ta gangara. Idan ta gangara da inuwarta, tsakuwa ce. Idan ta tsaya manne da bango babu inuwa, wani abu ne daban. Ido ba mudu ba ne, amma wannan idon ya san kima.

Tambayar da aka fi yi a ɗakin kowa ya san ta. Tun ba a gama shafa mai ba za ka ji, “Malama, namiji na ko macce ta?” Ana iya gani daga wajen wata na biyar idan jariri ya yarda ya buɗe ƙafa, kuma ana yin kuskure, igiyar cibiya ta sha ruɗin masu gaggawa har a sayi kayan da ba su dace ba. A Indiya sai da aka kafa doka a 1994 ta hana faɗa, saboda zubar da cikin 'ya'ya mata. Mu alhamdu lillahi ba mu da wannan masifa, sai dai muna da tamu: a biya kuɗin sikanin don wannan tambaya kaɗai, a fita ba a saurari sauran bayanin ba. Ita kuwa ma'aikaciyar, yayin da ake jiran ta ce namiji ko mace, wasu tambayoyi take bi ɗaya bayan ɗaya. Cikin yana cikin mahaifa ko a wajenta ya zauna? Ɗaya ne ko tagwaye? Zuciya na bugawa? Ruwa ya isa? Kai ne a ƙasa, ko zaune yake, ko a gicciye? Ina mabiyiya ta kafa?

Wannan ta ƙarshen ita ce nake ganin ta fi kowace nauyi ga mutumin Danchadi ko Dandin Mahe. Mabiyiya kan zauna a ƙasa ta rufe bakin mahaifa, ta tare hanyar da jariri zai fito. Daga waje babu alama. Ungozoma mafi gwaninta, wadda hannunta ke gane kai da baya ta saman fata, ba ta iya taɓo wannan, kuma ba gazawarta ba ce. Mace na zaune lafiya sai jini ya ɓalle ba tare da ciwo ba, sau da yawa cikin dare. Idan an riga an sani, za a ce mata ta dawo a sake dubawa wajen mako 32, domin da yawa mabiyiyar kan matsa sama yayin da mahaifa ke buɗewa. Idan ba ta matsa ba, a shirya haihuwa ta tiyata a inda akwai jini da likita, tun naƙuda ba ta zo ba. Idan ba a sani ba, sai neman mota da tsakar dare, a damina, a hanyar da ruwa ya cinye. Daga Boɗinga zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba wata tafiya ba ce da rana a kan kwalta. Daga ƙauyen da ke bayan fadama, ga mace tana zubar da jini, tafiya ce mai tsawo ƙwarai. Haka jaririn da ya kwanta a gicciye: ganinsa da wuri shi ke raba mace da doguwar naƙudar da ke kai wasu ɗakin masu yoyon fitsari a Asibitin Maryam Abacha. Cikin da ya zauna a wajen mahaifa ma haka, ana iya kama shi kafin ya fashe.

Akwai wani wuri mai wuya da wannan sana'a ke shiga, wanda ba a koyar da shi a aji. Mun taso muna jin ana cewa ciki ya kwanta, mace ta shekara biyu ko uku tana jiran ya tashi. Wata rana irin wannan baiwar Allah za ta hau gadon sikanin, allo ya nuna mahaifa babu kowa, ko ƙari ne ya cika ta, ko ɗan tayin ya daɗe da rasuwa. Mai riƙe da na'ura ya gani cikin sakan biyar. Yadda zai sarrafa fuskarsa, da wa zai fara kira, da kalmar da zai zaɓa a gaban uwar miji da ke tsaye bakin ƙofa, wannan ma gwaninta ce, kuma na fi girmama ta a kan iya auna ƙashin cinya. Gwanayen da na gani ba sa yanke hukunci a kan gado. Sukan ce, “Inna, akwai abin da nake so likita ya gani tare da ni,” su rubuta abin da suka gani ba ƙari ba ragi.

Ba masu ciki kaɗai ke amfana ba. Ana duba hanta da ƙoda da saifa, ana duba mafitsarar dattijon da fitsari ke yi wa gardama. Inda ruwa ke kwanciya yara na wanka, kamar gefen madatsar ruwan Shagari da fadamun yankin, akwai fargabar tsargiya, kuma sikanin na nuna irin ɓarnar da ta yi wa bangon mafitsara. Likitocin dabbobi ma suna ɗora na'urar a kan tunkiya da saniya su san mai ciki kafin a kai ta kasuwa. Ba ta da irin hasken eksire mai illa idan ya yi yawa, shi ya sa ake sake yi wa mai ciki ba fargaba, ko da yake masu aikin ba sa son a daɗe a kai don nishaɗi kawai. Tana da iyakarta kuma. Ba ta ratsa ƙashi, ba ta ratsa iskar hanji, ba ta ganin kowace naƙasa, kuma ba ta ganin zazzaɓi ko hawan jini. Masu cewa a yi musu sikanin na jiki duka don a gano abin da ke damunsu, na'urar da suke nema ba a ƙera ta ba tukuna.

Yanzu injinan sun ƙanƙance, akwai mai batir da ake ɗauka a jaka, akwai wanda ake haɗawa da waya, kuma faranti ɗaya na sola ya isa ya riƙe shi a garin da wutar lantarki ke baƙunta. Wannan alheri ne, amma yana da ƙaya, domin sayen inji ya fi koyon karanta shi sauƙi nesa ba kusa ba. Najeriya tana da hukumar rajistar masu ɗaukar hoton asibiti tun 1987, kuma a jami'ar Sakkwato ana karantar da fannin. Duk da haka ba laifi ba ne mai biyan kuɗi ya tambayi wanda zai duba matarsa ina ya koya. Alamar gwani ba ta ɓuya: yana ɗaukar lokaci, yana tambayar ranar ƙarshen al'ada kafin ya fara, yana rubuta awo da lambobi, kuma bakinsa na iya furta “ban gani da kyau ba, ki dawo bayan mako biyu.” Wanda ya gama cikin minti ɗaya ya miƙo takarda da murmushi, man kawai ya shafa.

Akwai maɓalli ɗaya da ke maido da zancen inda ya faro. Wani masanin Ostiriya, Christian Doppler, ya bayyana a 1842 cewa igiyar da ta fito daga abin da ke motsi tana canza kaifi, kamar yadda hon ɗin tirela ke sirancewa idan ta nufo ka a kan hanyar Jega, ya yi kauri idan ta wuce. Sautin da ya bugi zuciyar jariri ya dawo, shi ma ya ɗan canza, kuma bambancin nan ya faɗo daidai cikin abin da kunnenmu ke kamawa. Sai na'urar ta fitar da shi ta lasifika. Ba muryar zuciyar ce kai-tsaye ba, fassarar motsinta ce, bugu 110 zuwa 160 a minti, kusan ninki biyu na babba.

Ma'aikaciyar ta murɗa ƙarar, ɗakin ya cika da wani abu kamar sukuwar doki a filin hawan salla. Yarinyar da ke kwance, cikin fari ne, ta ja mayafi ta rufe fuska don kunya. Tsohuwar da ta rako ta, wadda tun shigowarsu take kallon allon ba ta ga komai ba sai hadari, ta matso ta dafa ƙarfen gadon.

“'Yar nan, wannan ƙarar ta mece ce?”

“Jikanki ne, Inna.”

Ta yi shiru tana saurare, leɓɓanta na motsi da salati. Can ta ce, “Ƙara mini kaɗan, kunnen nawa ya tsufa.”